Binnen Nomau da Rumbunan Ƙanƙara

Kwalekwalen yana tafe a kan busasshiyar laka, babu ruwa a ƙarƙashinsa ko na alwala, mai tuƙa shi kuma ko haki ba ya yi. Ni kuwa ina tsaye a bakin abin da a da muke kira tafkin Jambari, da gora ɗaya a hannu, wai na zo ɗiban ruwan da zan shayar da gona mai kadada biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin rabon hankalin da aka ba ni.

Bari in koma baya kaɗan. Sunana Nomau, na haura hamsin, kuma ina da gwiwar hagu mai yin tsami idan ruwa ya kusa sauka. Shekara ashirin tana gaya mini gaskiya, ko kuma dai ranakun da ta faɗi gaskiyar kawai nake riƙewa. Bana ta fara tsami tun bazara ba ta yi nisa ba, sai na kwashe irin gerona kaf, ɗan abin da daminar bara mai ƙwauro ta bar mini, na nufi gona zan yi binne. Wato in shuka a busasshiyar ƙasa, in ruwa ya sauka nawa ya riga na kowa fitowa.

Azumi, mai ɗakina, ta tare ni a zaure. "Malam, ka rage ko mudu ɗaya."

Na ce, "Gwiwar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ta ce, "Ka manta a kanta ka faɗo daga amalanke ranar Laraba?"

Na raɓa ta na fice. Na je na binne iri har ƙwayar ƙarshe. Bayan kwana biyar aka yi yayyafi, ɗan wanda zai jiƙa bayan akuya bai kai cikinta ba. Duk manomi ya san sauran labarin: iri ya ji laima ya farka ya tsage, in kwana uku suka cika babu ruwan kirki, ya mutu a raminsa. Ranar da na ga kwalekwalen nan kwana biyu sun riga sun tafi. Ba ni da sauran iri, maƙwabta kuwa kowa ya tura nasa ƙarƙashin gado ya zauna a kai.

Kwalekwalen ya tsaya a gabana. Mai tuƙin dogo ne kamar giginya, wuyansa duk kanta, da gammo a kansa, ga salkuna busassu tuli a bayansa.

Ya ce, "Aminci ga ɗan Adam mai gora. Ni ne Sarkin Dakon wannan tafki. Hadarin da kuke gani yana tasowa, a kan wuyan nan yake zuwa."

Takaici ya fi tsoro ƙarfi. Na ce, "To ranka ya daɗe, ina ka shige bana? Yayyafin shekaranjiya shi ne duk aikin?"

Ya ce, "Wannan ba aiki ba ne. Salkunan na karkaɗe, kada su tsage."

Na sake duban tsawonsa, na ja da baya taku ɗaya.

Ya ce, "Idan ruwa kake nema, yana hayin tafki a kulle. Shigo in kai ka. Mai yiwuwa a saurari mai gona, tun da ba a sauraren ɗan dako."

Na shiga. Ban ma koma na gaya wa Azumi ba, don na san abin da za ta ce, kuma na san ita ce da gaskiya.

Muna tafe laka na wucewa ƙarƙashinmu kamar ana jan tabarma, yana ba ni bayani kamar mai karanta wasiƙar gado. Wai idan sanyi ya shigo, ruwan tafki ya fi iskar da ke kansa ɗumi, sai ya riƙa tururi kamar tukunyar ɗumame. Shi da yaransa su cika salkuna da tururin, su haye da shi can hayi inda tuddai suke, sanyin can ya daskarar da shi ya zubo fari fat, abin da ake kira dusar ƙanƙara. Idan bazara ta yi, dusar ta narke ta gangaro ta koma tafki, tafki ya cika ya batse. A lokacin iska ke juyowa, su kuma su juyo da dakon wajenmu, ya sauka ruwa.

Ya ce, "Tafki ɗaya, kaya ɗaya. Na can ya sauka a daskare, naku a narke. Shekara biyu ke nan ina kai kaya hayi, ko ɗigo bai dawo ba. Me zan ɗebo muku? Laka?"

Kafin in ba da amsa muka iso tsakiyar tafki, inda ɗan ruwan da ya rage yake, bai fi faɗin filin idi ba. Kifayen tafkin duka sun taru a ciki sun cushe, wasu a kan wasu, har ba ka ganin ruwan sai bayansu. Wata tarwaɗa mai gemu fari ta ɗago kai ta tare hanya.

Ta ce, "Babu mai wucewa ta nan sai ya bar mana laima. Doka ce ta lokacin fari."

Na nuna mata gorata, babu komai ciki. Ta ce ba ta tambayi gora ba. Ƙarshe dai hulata na cire, wadda ta sha gumin tafiya da na tashin hankali, na matse musu ita. Ɗigo bakwai suka fita. Tarwaɗar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce gishirin ya yi yawa, amma a wuce.

Daga nan muka shiga wani hazo mai kauri, wanda sai da Sarkin Dako ya riƙa tsaga shi da sandar tuƙi kamar mai yanka tuwo. Muna fita na ji sanyi ya mare ni. Ba irin sanyinmu ba da ake hura kara a sha ɗumi a yi hira. Wannan sanyi ne da ke shiga haƙori ya nemi jijiya. Ga ni da 'yar shara da wando iya ƙauri.

Ƙasar Tudun Fari ke nan. Na zaci zan ga tuddai sun lulluɓe da fari kamar yadda nake gani a hoton kalanda. Ina. Tuddan a share suke tas, baƙin dutse tsirara. Abin da ya cika su rumbuna ne, tun daga bakin tafki har inda ido ya gaza, kowanne ya kai tsayin hasumiyar masallaci, kowanne da jinkarsa. Wasu halittu farare sirara, masu gira kamar audugar rimi, suna bi da tsintsiya suna share ɗan farin da ya rage a lungunan duwatsu suna kaiwa rumbu.

A ƙofar fada dogarai suka ce in tuɓe takalmi. Na ce, "A kan wannan ƙasar?" Suka ce ai a garinku ma ba a shiga gaban manya da takalmi, mun bincika. Na tuɓe. Tafin ƙafata ya manne da dutse, kowane taku sai na ɓamɓaro shi. Aka zaunar da ni a kan buzun da ya daskare ya zama faranti, sannan aka kawo ruwan baƙo a ƙwarya: dunƙulen ƙanƙara kamar kan jariri. Suka tsaya a kaina, wai baƙo ba ya magana sai ya sha ruwa. Na lasa, na gwaguya, na tsotsa, rana tana tafiya, gerona yana can yana mutuwa. Da na gama ban san inda harshena yake ba.

Sai Magajiyar Tudun Fari ta fito ta zauna. Tsohuwa ce doguwa, mayafinta kamar hazo, idan ta yi numfashi sai 'yan fararen ƙwayoyi su zubo, nan take mai tsintsiya ya share ya yi rumbu da su. Na durƙusa na yi gaisuwa, na faɗi sunana da garinmu.

Fadawa suka dubi juna. Magajiya ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Nomau na bakin Jambari? Mai rumbu a bayan tsamiya? Ku gyara wa Malamin Rumbu zama. Ya kai malaminmu, yau ƙasarmu ta yi albarka."

Na waiwaya in ga wa ake nufi. Ni ne.

Ta ce, "Tun farkon duniya arzikinmu yake zubowa daga sama, bazara ta zo ya narke ya gudu, mu zauna hannu rabbana. Sai na aiki manzo ya ga yadda 'yan Adam ke yi da nasu. Ya kwana uku a kan jinkar rumbunka. Ya ji mai ɗakinka ta nemi a buɗe babban rumbu, kai kuma ka ba ta amsar da muka rubuta a ƙofar fada. Ku karanta masa."

Fadawan suka haɗa baki: "Ba a buɗe babban rumbu sai ruwan shuka ya sauka. Haka muka gada, haka za mu bari."

Na tuna ranar. Dawa ta ƙare a ƙaramin rumbu, Azumi ta yi magana, ni kuma ƙyuyar hawa tsani nake ji, sai na jawo kakanni na kafa mata. Baki shi ke yanka wuya, amma ban taɓa jin wanda nasa ya yanka wuyan tafki guda ba.

Na ce, "Ranki ya daɗe, to ai ruwan shukar daga cikin rumbunan nan yake fitowa. In ba a buɗe ba, ba zai sauka ba."

Ta ce, "In ya sauka za mu buɗe."

"Ba zai sauka ba sai kun buɗe."

"To sai mu jira shi. Haƙuri ma mun koya a wajenku."

Na dubi Sarkin Dako. Ya ɗaga kai yana kallon rufin fada, irin kallon wanda ya yi wannan muhawarar sau ɗari.

Na ce, "Ranki ya daɗe, maganar nan da na yi, a kan hatsi na yi ta, kuma gaskiyar magana..."

Ta ɗaga hannu. "Kafin ka ƙarasa, ya malam, ka san al'adarmu. Malamin da ya ƙaryata karatunsa ba ma wulaƙanta shi. Mukan ajiye shi a rumbu da girmamawa, har ruwan shuka ya sauka. Me kake cewa?"

Na ce, "Cewa nake, gaskiyar magana karatun ya zauna."

Aka yi ta gyaɗa kai. Magajiya ta ce a zaga da malam ya ga aikin ɗalibansa. Aka sa ni gaba, ba takalmi, rana ta wuce tsaka. Ina tafe ina lissafin ramukan gonata, kowanne da ƙwaya biyar-shida sun buɗe baki suna jiran abin da ke kulle a gabana.

Na tsaya gindin wani rumbu na ɗaga kai, don in ɓoye ƙwallar da sanyi ya kawo, ko ba sanyi ba. Sai idona ya sauka a kan jinkar. Wallahi ban taɓa ganin baibaya irin wannan ba. Shucin an yanta shi sumul, an jera shi kamar kitson amarya, ko zaren hasken rana ba zai ratsa ba. Nawa rumbun na gida, in ana ruwa har kaji ba sa fakewa a gindinsa.

Na ja tsaki mai tsawo.

Magajiya ta ce, "Lafiya, ya malam?"

Na ce, "Wa ya yi muku wannan baibayar? Shekararta nawa?"

"Biyu."

Na kama haɓa. "Biyu. Jinka ɗaya, damina biyu. Manzon naku kwana uku ya yi, ya ɗauko rabin karatu ya taho. Ai kafin ruwan shuka ya sauka, dole mai rumbu ya sauke tsohuwar jinka, ya bar rumbu ya sha rana, sannan ya ɗora sabuwa. Wannan ba buɗe rumbu ba ne, tun da ba a ɗebi komai ba. Gyara ne. Haka muka gada."

Rabin maganar gaskiya ce, ana sabunta baibaya kafin damina. Shan ranar ne na ƙara daga aljihuna.

Girar Magajiya ta yi rawa. Aka nemo manzon, aka yi masa faɗa a gabana har na ji tausayinsa kaɗan. Sannan ta ce, "Rumbunanmu dubu bakwai ne. Mu fara da nawa, ya malam?"

Sarkin Dako ya sunkuyo daga samansa ya raɗa mini, "Ka ce ɗari biyar. Kayan shekara biyu ne a ciki. Wuya ɗaya gare ni."

Na dubi rana. Na tuna gobe ne kwana na uku. Na ce a raina ɗan dako kullum kukan nauyi yake.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a garinmu gayya ake yi. Duka, yau."

Aka buga ganga. Ban taɓa ganin ɗalibai masu biyayya irin waɗannan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Kafin in ɗaura takalmina, jinka dubu bakwai suna ƙasa a jere. Dusar ta bayyana tana ƙyalli har sai da na kare ido, ranar bazara kuwa ta faɗa mata kamar mayunwaci ya samu akushi. Aka fara jin ɗis, ɗis. Sai tsiyaya. Sai gindin rumbunan ya jiƙe, na farko ya durƙusa, na kusa da shi ya bi.

Magajiya ta ce, "Ya malam, rumbun yana zuba."

Na ce, "Gumi yake, alamar lafiya ce," ina ja da baya.

Sarkin Dako ya sunkuce ni da hannu ɗaya ya jefa a kwalekwale. Ruwan ya biyo mu daga tuddai da rugugi, ɗauke da jinkaye da tsintsiyoyi da fadawa biyu-uku suna iyo suna karanta karatuna. Ya ɗaga kwalekwalen ya wurga mu cikin hazo. Muka wuce ta kan kifaye suna ta tsalle, tarwaɗar nan ta ɗago za ta yi maganar doka, igiyar ruwa ta tafi da ita. Ni dai na rungume salka ina salati, ina jin tafki yana cika a ƙarƙashina kamar ana hura balan-balan.

Iska ta juyo. Yaran Sarkin Dako suka fito ta ko'ina, dogaye irinsa, suna cika salkuna suna ɗorawa a ka, su ɗora wata a kan wata, har sama ta yi baƙi ƙirin. Nasa kayan ya fi na kowa, wuyansa ya lanƙwashe kamar lauje.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gonata ce ta farko daga bakin tafki, a kan gangare. A sauke mata a hankali, kamar kamu ɗaya na laima ya isa."

Ya ce da ƙyar, "Na ce maka ɗari biyar. Ɗan dakon da wuyansa ya gaji, inda ya fara isa nan yake saukewa."

Ya ajiye ni a gaɓa da la'asar sakaliya. Ban kai gida ba aka tsuge. Kwana biyu ana yi kamar da bakin ƙwarya. Garinmu ya yi murna, mata suka tara ruwa har a turmi, tsofaffi suka ce rabonsu da irin wannan tun suna yara. Azumi ta dube ni na shigo tsamo-tsamo, leɓe a tsage, yatsun ƙafa sun yi shuɗi, ta ce, "Ina gorar?" Ban san inda na yar da ita ba.

Da aka ɗauke na tafi gona. Babu gona. Ruwa ya kwashe ƙasar saman gaba ɗaya, ya bar mini tsakuwa da kwazazzabai uku. Na tona rami goma, ashirin, ban samu ƙwaya ɗaya ba.

Bayan mako na bi sawun kwazazzabon zuwa gangare, har gonar Sallau, maƙwabcina na ƙasa, mutumin da bai taɓa yin aikin yau a yau ba. Na tarar da shi tsaye ya riƙe ƙugu, ko iri bai fito da shi daga ɗaka ba, ga gonarsa kore shar. Gero ya fito cunkus, ba layi ba tsari, duk inda ruwa ya ga dama ya zubar.

Ya ce, "Nomau, zo ka ga ikon Allah. Ban shuka ba."

Na ce, "Na gani."

"Mutane suna ta wahalar binne. Ni na ce a jira lokaci, ga shi." Ya dubi gangaren, ya dubi tsakuwata a sama, ya dube ni. Na ga lissafin ya shiga kansa, na kuma ga ya fita ta ɗaya ƙofar. "Kai fa, naka bai yi ba ko?"

"Bai yi ba."

Ya ce, "Ayya. To ai wannan ya yi mini yawa, dole a rage shi ko ba zai yi zangarniya ba, ga bayana yana ciwo. Ka zo gobe da kwando ka cire mini. Duk abin da ka cire ka kai gonarka ka dasa, na ba ka halak malak. Maƙwabtaka ai ta fi haka."

Na tsaya ina dubansa. Na yi tunanin in ba shi labarin tarwaɗa da dunƙulen ƙanƙara da rumbu dubu bakwai. Na yi tunanin yadda labarin zai kai majalisar bakin kasuwa kafin azahar, da sunan da za a sa mini har jikoki.

Washegari na zo da kwando. Kwana huɗu ina rage wa Sallau gero a duƙe, yana zaune a inuwa yana nuna mini inda na tsallake. Na yi sawu goma sha tara zuwa tudu, Azumi tana gaba tana tona rami a ɗan abin da ya rage na ƙasa, ina bi ina dasawa. Kamar kashi ɗaya cikin uku ya kama. Zai kai mu wata biyar in an yi tattali, kuma za a samu iri.

Ranar da na ɗauki kwandon ƙarshe, Sallau ya miƙo hannu, ga mutane suna wucewa a hanya. Na sauke kwandon, na rage tsawo, na kama hannunsa da hannu biyu, na yi masa godiya a kan gerona.